Ɗaya Cikin Huɗu: Lissafin Da Ya Gagare Mu Faɗa Da Hausa

Wata ranar Asabar da la'asar sakaliya ina zaune a ƙofar gida a nan Samaru ina duba takardun jarrabawar ɗalibai, sai ga wani dattijo maƙwabcina ya yi sallama, riƙe da wasu takardu biyu a ninke cikin leda. Mutumin ya haura shekara sittin, kuma ya shafe fiye da rabinsu yana sayar da hatsi a kasuwar Sabon Gari. Bayan mun gaisa, ya tambayi iyali na tambayi nasa, sai ya miƙo mini ledar ya ce, "Dakta, taimaka ka duba mini wannan, yaran nan ne suka kawo daga asibiti."

Ba wannan ne karo na farko ba. Tun daga ranar da mutanen unguwa suka ji ɗalibai na kira na dakta, an sha kawo mini hoton ƙirji da sakamakon gwajin fitsari, har wata baiwar Allah ta taɓa buga mini ƙofa cikin dare da jaririnta yana amai. Kullum sai na yi bayanin cewa ni daktan harshe ne, ban san kan allura ba balle gindinta. Abin dariyar shi ne, "dakta" da "likita" duk 'ya'yan kalma guda ne ta Turanci. Ɗaya ta shigo tun zamanin Turawan mulki, bakin Bahaushe ya sarrafa ta yadda ya ga dama, ɗayar kuwa ta ƙofar jami'a ta biyo daga baya. To amma a wannan rana ban mayar da dattijon ba, domin abin da ke cikin takardun ko ni na iya karanta shi. Ɗaya ta 'yarsa ce, ɗayar ta yaron da ke neman aurenta, kuma an riga an karɓi kuɗin gaisuwa. A kowacce an rubuta haruffa biyu: AS.

Na ce, "Baba, me suka ce maka a can?" Ya ce ma'aikaciyar ta gaya wa yaran cewa idan suka yi aure, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu zai zo da sikila, wato ciwon nan da wasu ke kira amosanin jini. Daga nan sai ya gyara zama ya kawo mini nasa lissafin, wanda shi ne dalilin wannan rubutu. Ya ce tunda ɗaya ne cikin huɗu, ai sai su haifi uku su dakata. In ma Allah Ya ƙaddara na huɗun, ɗa ɗaya ba zai gagari dangi ba. Ya ƙara da cewa akwai ƙaninsa da aka ce shi da matarsa duk haka jininsu yake, ga su nan da 'ya'ya biyar, ko ciwon kai ba mai yi.

Kafin mai karatu ya yi murmushi ya ce ai rashin boko ne, bari in gaya masa wane ne wannan mutum. Na sha tsayawa a rumfarsa ina kallon ikon Allah. Mai saye zai ce a auna masa tiya 17 ta masara da 9 ta wake da mudu 3 na gero, kowanne da farashinsa, a cire bashin makon jiya, a kuma yi masa ragi. Kafin in gama lalubo waya in buɗe na'urar lissafi, ya faɗi jimla, kuma ban taɓa kama shi da kuskuren ko sisi ba. Yana riƙe da bashin mutum fiye da talatin a ka. Ya san buhu nawa mota za ta ɗauka daga Giwa ko Makarfi, ya san abin da zai rage bayan kuɗin dako da na lodi da la'adar dillali. Mutanen kasuwa irinsa har yau suna cewa "jaka biyar" suna nufin Naira 1,000, saboda jaka a da fam 100 ce, da aka canza kuɗi a 1973 kowane fam ya zama Naira 2. Wato suna tafe da lissafin kuɗi iri biyu a ƙwaƙwalwa fiye da shekara 50 ba tare da sun rikice ba.

Haka kuma ba baƙi ba ne mu a fagen lissafin ɓangare. Rabi da sulusi da rubu'i da sudusi da sumuni da ushiri duk kalmomi ne da suka zauna daram a bakin Bahaushe, albarkacin ilmin gado da na zakka. A zaurukan birnin Zariya akwai malaman da za su raba gadon mamaci mai mata uku da 'ya'ya goma sha tara da uwa a raye, su fitar da asalin mas'ala, kowa ya tashi da haƙƙinsa, alhali ba su taɓa zama a aji ba. Manomin Bomo ya san ɗaya cikin goma zai fitar a amfanin damina, rabin haka a na ban-ruwan da ya sha wahalarsa. Idan aka koma baya kuma, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 a kan ƙa'idojin tsara hatimi, wato jera lambobi a gidaje yadda ko ta ina aka haɗa jimla ɗaya za a samu, kuma masu tarihin lissafi na duniya suna ambatonsa har gobe. Kalmar "lissafi" kanta daga Larabci muka aro ta tun da daɗewa, ta zama tamu.

Saboda haka matsalar maƙwabcina ba ta rashin iya ƙidaya ba ce. Ya fahimci jimlar da aka faɗa masa daidai yadda Hausa ta tanada a fahimce ta. Idan ka ce wa Bahaushe "ɗaya cikin huɗu," abin da ka zana masa a zuci shi ne abubuwa huɗu a jere a gabansa, a ware ɗaya. Haka ake rabon gado, haka ake fitar da zakka, haka ake kasa nama a watanda. Ita kuwa ma'aikaciyar asibiti wani abu daban take nufi, wanda Turancin da ta yi karatu da shi yake da kalma tsayayya dominsa, mu kuma muke ta kame-kame tsakanin "yiwuwa" da "sa'a" da "dace" da "tsammani." Masu tarihi sun ce wannan reshe na lissafi ya kafu ne a Faransa a 1654, lokacin da Pascal da Fermat suka yi musayar wasiƙu a kan yadda za a raba kuɗin cacar da aka katse ba a gama ba. Wataƙila shi ya sa bai sami gindin zama a zaurukanmu ba, tunda mu caca ba abin da malami zai zauna yana yi wa ƙa'ida ba ce. Wannan hasashena ne kawai, kada a riƙe ni a kansa.

Da na rasa yadda zan yi, sai na aiki yaro ya sayo mini goro huɗu, uku farare ɗaya ja. Na roƙi dattijon ya ara mini hularsa, na zuba su a ciki, na ce ya rufe ido ya zaro ɗaya. Ya zaro fari. Na ce to, wannan haihuwar fari ke nan, an tsira. Ya miƙa hannu zai sake zarowa, na riƙe hannun na ce, "A'a Baba, sai ka mayar da na farkon tukuna." Ya buɗe ido ya dube ni. Na ce ai duk maganar a nan take. Uba AS ne jiya, AS ne yau, AS ne gobe, haka ma uwa. Kowane ciki daga uba yake karɓar harafi ɗaya, daga uwa ɗaya, kuma cikin bana bai san abin da na bara ya ɗauka ba. Kullum goro huɗu ne a hular, kullum jan yana nan. Muka yi ta zarowa muna mayarwa har sau ashirin. Akwai inda fari ya fito sau shida a jere, akwai kuma inda ja ya fito sau biyu a jere. A nan ne ya yi shiru.

Ga masu son alƙaluma, lissafin ba shi da wuya. A ɗauki gidaje 256 da mata da miji duk AS ne, kowane gida ya haifi 'ya'ya huɗu. Abin da ake sa rai shi ne gidaje 81 ba za su sami mai sikila ko ɗaya ba, 108 za su sami ɗaya, 54 za su sami biyu, 12 za su sami uku, gida ɗaya kuwa duka huɗun. Ƙanin maƙwabcina yana cikin masu sa'a, kuma ba ƙarya ya yi ba. Sai dai gidaje 175 cikin 256 ɗin nan za su san hanyar asibitin koyarwa na Shika da tsakar dare, su san neman jini, su san kukan yaron da ƙashinsa ke sara musamman lokacin hunturu. Wani rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa kusan kashi 24 cikin 100 na 'yan Nijeriya suna ɗauke da harafin S, kuma ana haihuwar yara kimanin 150,000 da ciwon a kowace shekara. Dalilin yawansa a ƙasashenmu ma abin lura ne. Tun a 1954 wani masani mai suna Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa mai AS ya fi mai AA tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, don haka inda sauro ya yi yawa nan harafin ya yaɗu. Garkuwa ce ga wanda ya gaji ɗaya, masifa ga wanda ya gaji biyu.

Jihar Kano ta yi dokar tilasta gwajin lafiya kafin aure a 2024, kuma masallatai da majami'u da yawa a nan Zariya sun daɗe suna neman takarda kafin ɗaurin aure. Wannan abin yabo ne. Amma takarda ba ta magana. Na sha jin saurayi ya ce shi ba shi da matsala domin jininsa "O" ne, saboda da rukunin jinin da ake dubawa in za a yi wa mutum ƙari, da nau'in da ake gado wanda ke haddasa sikila, duk "gwajin jini" muke ce musu. Abu biyu ne mabambanta da muka cusa a riga ɗaya.

Da na koma ɗaki a daren nan sai na shiga lissafa irin waɗannan riguna, na ga ashe suna da yawa. A ɗauki "shawara." A wurin Bahaushe shawara cuta ce guda, alamarta ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja, kuma kowa ya san hukuncinta: shawara ba ta son allura, maganinta sai na gargajiya. A wurin likita kuwa ɗorawar ido alama ce kawai, kamar yadda hayaƙi yake alamar wuta. Wani sinadari ne da ke fita idan jajayen ƙwayoyin jini suka mutu, wanda aikin hanta ne ta tace shi ta zubar. Yana iya taruwa saboda hantar ta kamu, ko saboda jinin na fashewa da yawa kamar yadda yake faruwa ga mai sikila ko mai zazzaɓi mai tsanani, ko saboda hanyar matsarmama ta toshe, ko kuma saboda jariri ne sabon haihuwa da hantarsa ba ta gama ƙwari ba. Wata shawarar takan tafi da kanta ko an sha saiwa ko ba a sha ba, sai saiwar ta kwashe yabo. Wata kuwa, musamman ta jarirai idan ta yi tsanani, tana iya taɓa ƙwaƙwalwa cikin 'yan kwanaki, alhali sau da yawa wani haske na musamman da ake kwantar da jariri a ƙarƙashinsa a asibiti ya isa ya kawar da ita.

To daga ina aka samo cewa ba ta son allura? Ni a ganina mutanenmu sun lura da wani abu na gaskiya ne, suka yi masa fassarar da ba daidai ba. Mai shawara ba a kai shi asibiti sai an gama zagaye, an sha jiƙo an yi turare, ya galabaita. Yana isa a sa masa ruwa a yi masa allura, washegari ya cika. Wanda ya ga haka sau biyu sau uku, me zai hana shi cewa allurar ce? Mai sauƙin ciwon da ya zauna a gida ya warke, mai tsananin da aka kai asibiti ya rasu, sai aka ɗora wa asibiti laifin tsananin. Kuskure ne, amma irin kuskuren da masu digiri ma suke yi a rubuce-rubucensu idan suka ga abu biyu sun zo tare suka ce ɗaya ne ya haifi ɗaya.

Sauran misalan ba sai na daɗe a kansu ba. "Hawan jini" fassara ce mai daɗin faɗa, sai dai duk abin da ya hau ana sa ran ya sauka, shi ya sa mutum ke shan magani mako biyu, a auna a ce jini ya sauka, ya ajiye kwalba sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. "Ciwon suga" ya sa wani ya daina sa suga a koko ya koma zuma, yana kuma cinye malmalar tuwo uku hankali kwance. "Ƙanjamau" daga ƙanjamewa aka ƙera ta, wato an ɗaure cutar da kamannin wanda ta gama cinyewa, har ya zama mai ƙiba ba a zarginsa, ramamme kuwa ko tarin fuka ke damunsa an gama da shi. Gara ma "cuta mai karya garkuwar jiki," domin ita aikin cutar ta bayyana. Ita kuwa "ƙwaya" ta fi kowa shan wahala: ita ce abin da ke kawo cuta, ita ce maganin da ake haɗiya, ita ce kuma abin da ke lalata mana matasa. Ƙwayoyin cutar ma iri biyu manya da likita ke bambantawa, waɗanda kafso ke kashewa da waɗanda ko a jikinsu, duk suna ɗaya muke ba su. Shi ya sa za ka tsaya a wani kemis a Sabon Gari ka ji mai mura ya ce a ba shi ja-da-yalo guda biyu, a ba shi, ya kora da ruwan leda ya yi gaba. Murar za ta tafi don kanta, abin da ya rage shi ne ƙwayoyin cutar da suka koyi jure wa maganin. Ko "sau uku a rana" da ake rubutawa a jikin leda, likita na nufin duk bayan awa 8 dare da rana, mai jinya kuwa ya san rana daga fitowarta ne zuwa faɗuwarta.

Na tuna a shekarun 1980, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake ministan lafiya, an yi gangamin koya wa iyaye mata haɗa ruwan gishiri da suga don yaro mai gudawa, dabarar da ta ceci rayuka masu ɗimbin yawa. Ma'aunin ruwan da aka yi ta shela shi ne kwalbar giya ɗaya, ko ta lemo biyu. Ina yaro a lokacin, amma ban manta yadda wata gwaggona ta yi salati ba da ta ji ana neman kwalbar giya a gidan malamai.

Babu inda wannan al'amari na suna da amana ya fito fili kamar a rikicin allurar shan inna, wadda ma ba allura ba ce, ɗigo ne a baki. Sunan cutar kansa bayani ne cikakke: Inna, wato iskar nan da masu bori suka sani, ita ce ta sha ƙafar yaro. Wanda ya yarda da haka, me ɗigon ruwa zai yi masa? Ga shi kuma cutar tana da wata ɗabi'a mai wuyar bayani, domin cikin yara kimanin 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, ɗaya ne kawai take shanyewa, sauran suna yawo da ita lafiya lau suna yaɗawa ta bayan gida. Uba yana duban 'ya'yansa garau, a ce masa sai an ɗiga musu magani, kuma ba sau ɗaya ba. Idan mai karatu bai manta ba, a 2003 wasu jihohin Arewa, har da tamu ta Kaduna, suka dakatar da aikin bisa zargin cewa an gauraya maganin da abin hana haihuwa. Kano ba ta koma ba sai a watan Yulin 2004, bayan an samo maganin daga Indunusiya. Kafin a shawo kan lamarin cutar ta tsallaka ƙasashe kimanin 20 da a da suka rabu da ita.

An zagi talakan Arewa sosai a jaridun duniya a wancan lokaci. Amma wata mai bincike Ba'amurkiya, Elisha Renne, wadda ta zauna da mutanen Zariya ta kuma fitar da littafi a kan batun a 2010, ta nuna cewa tambayar da mutane ke yi tana da ma'ana. Zazzaɓi da ƙyanda na kashe mana yara kullum, in mun je asibiti sai mun sayi kati mun sayi magani, to don me wannan guda ɗaya ake bin mu da shi har ɗaka kyauta? Ga kuma abin da ya faru a Kano a 1996, shekarar da sanƙarau ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan ya kashe fiye da 11,000, lokacin da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan a kan yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan Dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Zargin da aka yi wa maganin shan inna bai tabbata ba, kuma yaran da suka nakasa a tsakanin nan ba mai mayar musu da ƙafafunsu. Amma abin da ya juya al'amarin a ƙarshe shi ne shigowar waɗanda jama'a ke jin maganarsu. A 2009 aka kafa kwamitin sarakunan Arewa ƙarƙashin Sarkin Musulmi, masu unguwanni da limamai da matan unguwa suka shiga gida-gida, har aka kai ranar 25 ga Agustan 2020 da aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Maganin bai canza ba, bakin da ke bayaninsa ne ya canza. Kalmar "rigakafi" ma da an tsaya an tona ta, ai wa'azi ce sukutum: ka riga abokin gaba yin kafi, kamar yadda kakanninmu ke kafe gari tun kafin a ji ƙurar mahara.

A nan ne nake ganin laifinmu, mu da muke cin albashi da sunan ilmi. Samaru gari ne da aka gina a kan kimiyya. Tun 1922 ake binciken aikin gona a nan, kafin a kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 cibiyar ta koma ƙarƙashinta. Irin masara da wake da gyaɗa da dawa da sunayensu ke farawa da SAM, daga sunan garin nan aka yanko. Kuma manomi bai taɓa yin gardama da su ba, domin malamin gona ya je har gonarsa, ya shuka kunya biyu gefe da gefe, ya yi masa magana da Hausa, kaka ta zo gani ya kori ji. Manomin da ake cewa ba ya son sabon abu, shi ne ke kwana a layin taki. A ɗaya gefen kuma, ɗalibin likita yakan shafe shekara shida yana karatu da Turanci, ranar da ya fara zagayen ɗakin marasa lafiya sai ya tarar da tsohuwa daga Hunƙuyi tana ce masa "sanyi" ke damunta, kalmar da ke iya nufin ciwon gaɓɓai, ko mura, ko ciwon da kunya ta hana ta ambata. In ba Bahaushe ba ne, sai a kira mai shara ko ɗan rakiyar wani majinyaci ya yi tafinta. In ma Bahaushen ne, sau da yawa Hausar tasa ta tsaya a ƙofar makarantar sakandare, abin da ya koya bayan nan bai taɓa faɗarsa da harshen uwarsa ba.

Ba kuwa don harshen ya gaza ba. A nan Zariya, a Kamfanin Gaskiya, Abubakar Imam da Dokta East suka fitar da Ikon Allah a ƙarshen shekarun 1940, suka bayyana halittu da al'amuran sama da ƙasa da Hausar da ɗan firamare ke ganewa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tun a ƙarni na 19 ya yi rubuce-rubuce a kan magani, har da ciwon ido da basir. Mu ma masu nazarin harshe mun yi wa kanmu ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi a 1990 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dalhatu Muhammad, shi ya sa muke iya koyar da nahawu da adabi da Hausa tsantsa har zuwa digiri na uku. Abin da ban gani ba shi ne ranar da malamin Hausa da malamin likitanci da malamin lissafi na jami'a ɗaya, waɗanda ke sallah a sahu ɗaya suke kuma sayen nama wurin mahauci ɗaya a kasuwar Samaru, za su zauna su yi wata guda a kan jimloli ashirin kacal da ma'aikacin asibiti ke faɗa kullum, su gwada su a kan mutanen Hayin Dogo da Muciya, su ji abin da aka fahimta. Irin wannan aiki ba ya kawo ƙarin girma a jami'a, domin ba a buga shi a mujallar ƙasar waje. Ni kaina da nake wannan magana, takardun da na rubuta a kan Hausa da Turanci na rubuta mafi yawansu.

Dattijon nan dai ya tashi a ranar bai ce mini komai ba, illa ya zuba goron huɗu a aljihu ya sa hularsa. Bayan kwana uku ya dawo ya ce in zo in maimaita wa mahaifiyar yarinyar da kakarta abin da na yi masa, domin shi ya gwada sun ce wasa yake da hankalinsu. Na shiga, aka shimfiɗa mini tabarma a tsakar gida, muka yi da ƙwarya a maimakon hula. Kakar ta ce, "Ɗan nan, to ina ƙaddara?" Na ce, "Iya, tana nan inda take. Ko Sayyidina Umar da ya ji labarin annoba a Sham juyawa ya yi da jama'arsa, kuma ba wanda ya ce ya fita daga ƙaddara." Ta ce haka ne, amma shi Umar ba a karɓi kuɗin gaisuwar jikarsa ba.

An kai wata biyu ana kai da komo tsakanin gidajen biyu. Na ba da shawarar a sake gwajin a wani wuri don a tabbata, aka sake, haruffan ba su canza ba. Daga baya na ji an mayar da kuɗin. Maƙwabcina yana nan yana kira na dakta, har ya aiko mini da tiya biyu ta sabon wake da kaka. Yarinyar kuwa, wadda a da ba ta wuce ƙofar gidana ba tare da ta durƙusa ta gaishe ni ba, yanzu in ta hango ni sai ta ja mayafi ta tsallaka ɗaya gefen titi.